Faifan Ƙusa

Mikail yana cikin yanke kiran salla daga tsakiyar wata waƙa lokacin da Shehu ya turo ƙofar sitidiyo. Bai ji sallamarsa ba, domin kunnuwansa biyu a toshe suke da hedifon, kuma wanda yake ihu a cikinsu ya riga ya kwanta dama. Sai da Shehu ya dafa masa kafaɗa sannan ya zabura, har gwiwarsa ta daki ƙasan tebur.

"Wallahi wata rana zuciyarka za ta buga a ɗakin nan," in ji Shehu. "Hajiya Turai ce ta aiko. Ta ce ka je kafin azahar."

"Ni? Ta faɗi dalili?"

"Cewa ta yi a kira mata mai injin ɗaukar murya. Akwai wani ne bayan kai? Ni na wuce kasuwa, in ka fito ka biyo."

Mikail ya zare hedifon ya ajiye, amma ihun bai bar kunnensa ba. Tun da aka yi sadakar arba'in ɗin Nazeer haka yake fama. Ko a kan babur yake, ko yana alwala, sai ya ji muryar ta taso masa daga can ciki, ta hau, ta tsage, ta sake hawa. Ya gaji da ita, kuma yana jin kunyar gajiyar.

Sitidiyon ɗakin ƙasa ne a wani lungu bayan Ƙofar Ɗan Agundi, inda kakansa ya taɓa ajiye fatu, kuma har gobe idan aka yi ruwa sai warin jima ya taso ya gaida mutane. Mikail ya manne bangon da kiret-kiret na ƙwai, ya rubuta TSATSA da jan fenti a jikin ƙofa, ya ce ya buɗe kamfanin faifai. Shi ne manaja, shi ne injiniya, shi ne mai shara. Rukunin makaɗa uku yake da su, masu jita mai lantarki da ganguna, masu irin kiɗan da su suke kira rok da pank, mutanen lungu kuwa suke kira kiɗan maƙera. Dattawan unguwa sun haƙura da su ne bisa sharaɗi guda: da ladan ya buɗe baki, kiɗa ya mutu. To, masallatai uku ne suka sa lungun a tsakiya, kowanne da nasa agogon, don haka da wuya a gama ɗaukar waƙa a Tsatsa ba a tsaya jiran ladan ba. Shi kuma Mikail malalaci ne wajen kashe na'ura. Yakan bar ta tana ɗauka, daga baya ya yanke wurin ya jefa a wata jaka cikin kwamfuta da ya sa wa suna Shara, wadda bai taɓa zubarwa ba.

A makon nan ne wasu mutane a Legas, masu tallata ƙananan makaɗa a intanet, suka ce ya turo musu waƙoƙin tare da taƙaitaccen tarihin kowane rukuni. Biyu sun zo masa da sauƙi. "'Yan Janareto: makanikai biyu ne da tela ɗaya. Suna kiɗa da gudu don kada mai ya ƙare, shi ya sa ba su da doguwar waƙa." Sai kuma: "Ba Shiga: 'yan mata uku ne da ba sa yarda a ɗauke su hoto. A gida an san koyon kwamfuta suke zuwa, kuma ba ƙarya ba ne, akwai kwamfuta a ɗakin." Na uku ne ya gagara. Ya rubuta Ƙusa, ya tsaya yana kallon sunan, yau kwanaki ke nan.

Ƙusa mutum biyu ne. Shehu mai ganga, ɗan gidan makaɗan kalangu na mahauta, wanda da rana yake tura wa mutane waƙa a memori a Ƙofar Wambai. Sai Nazeer, mai jita da murya, siriri, mai idanu rawaya-rawaya, wanda aka haifa da sikila. Shi ya raɗa wa rukunin suna, ya ce in ciwon ya tashi ji yake kamar ana buga masa ƙusa a cikin ƙashi. A zaune mutum ne mai sanyin magana, sai ka matso kafin ka ji shi. Amma da ya tsaya gaban makirfo sai wani abu ya fito daga wannan ƙaramin ƙirjin wanda ya sa 'Yan Janareto da kansu suke yin tsit. Shekara biyu ana ɗaukar faifansu, tsakanin wannan kwanciya asibiti da waccan, kuma babu inda yake a duniya sai cikin kwamfutar Mikail, domin bai yarda mai sana'ar tura waƙa ya fita da ko baiti ɗaya ba. A kwanciyar ƙarshe Nazeer ya riƙo hannun rigarsa ya ce, "In na riga faifan nan fita, ku sake shi. Ku ƙure masa murya." Mikail ya yi masa alkawari.

A Shahuci, a gidan su Nazeer, an riga an naɗe tabarmin ta'aziyya an jingine su a zaure. Mikail ya yi sallama, aka ce ya shigo. Hajiya Turai, mahaifiyar Nazeer, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, gefenta wata 'yar rediyo mai cin filashi tana karatun Alƙur'ani. Ta rage muryar rediyon. Ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta, ya yi mata ya haƙuri, ta ce da godiya.

"Kai ne ɗan Indo na Ɗan Agundi ko? Tare muka yi makarantar allo da uwarka. Ga idonta nan a fuskarka."

"Ni ne, Hajiya."

"An ce muryar yaron nan tana wurinka."

Nazeer ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba yana raye, kuma mutuwa ba ta sa ta fara ba.

"Tana nan, Hajiya. Muna adana ta."

"To ina so ka goge ta. Duka."

Mikail ya fara zuba bayani, irin bayanin da yake yi wa mutanen Legas a waya: wai babu batsa a ciki, babu zagin kowa, wai waƙoƙin a kan ciwo ne da layin asibiti da tsadar rayuwa, wai akwai masu irin lalurarsa da za su ji su ji ba su kaɗai ba ne. Ta bar shi har ya gaji don kansa.

"Ranar sadakar uku," ta ce, "wata 'yar ƙanwata ta miƙo mini waya, wai ga abokansa nan suna tunawa da shi. Na gan shi rataye da wannan abin kiɗan, samari suna tsalle a gabansa, suna ture juna, suna dariya. Sai ya buɗe baki." Ta ja carbi, ta sake ja. "Ɗan nan, wannan ihun da kuke tsalle a kansa, ni na san shi tun yana goye a bayana. Na san shi a ɗakin nan. Na san shi a barandar asibiti ina jiran a samo jini. Da shi nake gane inda ciwon ya kama, ƙafa ce ko baya ko ƙirji, tun kafin ya iya magana. Wanda na ji a wayar nan na ƙirji ne."

Mikail ya sunkuyar da kai. Shekara biyu yana gyara wannan ihun, yana ƙara masa amo, yana rage masa kaifi a nan ya ƙara a can, yana alfahari da shi. Bai taɓa tunanin akwai wanda zai ji shi ya san wace gaɓa ce ba.

"Tun ranar nake ganinsa a mafarki," ta ci gaba. "Yana zaune a zauren nan, ya toshe kunnuwa da hannu biyu, yana kallona. Na tambayi malami, ya ce muddin ana kaɗa kiɗan ana rubuta masa. Wani malamin kuma ya ce Allah mai rahama ne, in bar zancen. Ni ba malama ba ce, ban san wanda ya fi gaskiya ba. Abin da na sani, yaron nan bai taɓa samun barci mai daɗi a duniya ba. Ba zan bar abin da zai iya hana shi wannan ba."

"Hajiya, shi da bakinsa ya ce a saki. Ya sa ni na yi masa alkawari."

"Ya ce. Da yana nan abubuwa da yawa ya ce, wasu kuma da gari ya waye sai ya canza. Yanzu yana inda ba zai iya canza magana ba, ni ce na rage masa." Ta miƙa hannu ta ƙara wa rediyon murya kaɗan, alamar ta gama. "Bayan la'asar zan zo da ƙafata, a yi a gabana. Ka gaida Indo."

A Ƙofar Wambai teburin Shehu yana ƙarƙashin wata lema da rana ta cinye launinta, tsakanin mai robobi da mai gwanjon riguna. Ga tsohuwar kwamfuta, ga lasifika tana ta amon waƙar biki, ga direbobin adaidaita sahu sun yi cirko-cirko kowa da memorinsa a hannu. Mikail ya ja shi gefe ya faɗa masa. Shehu ya saurara da baki buɗe, sannan ya buga cinya.

"Goge me? Shekara biyu fa! Ka manta ranar da muka ɗauko shi a kafaɗa daga bakin titi saboda ƙafa ta ƙi takuwa, ya ce sai ya yi baitin nan? Don a goge ya yi?"

"Uwarsa ce, Shehu."

"Uwarsa ce, na sani, kuma Allah ya bar mana ita. Amma wa ya riƙe wa riga a asibiti, kai ko ita? Amanar mamaci ce a wuyanka, malam." Ya jawo aljihun tebur ya zaro wani ɗan filashi baƙi, ya danƙa masa a tafin hannu ya rufe yatsunsa a kai. "Ungo. Kwafe komai a nan. In ta zo ka goge na cikin kwamfuta a gabanta, hankalinta ya kwanta, mu kuma mu cika alkawari. Tsohuwa ce, me ta sani a kwamfuta? Kowa ya samu abin da yake so."

"In an saki ai za ta ji labari."

"Wane labari? Ita intanet take shiga? Kai dai bar Legas su yi nasu, ni ka bar mini Kano. Ka ba ni faifan nan yau, jibi war haka babu adaidaitar da za ta ratsa cikin gari ba Ƙusa take kaɗawa ba. Har mai shayi sai ya haddace."

Yana faɗa yana murmushi, idonsa kuwa ya cika da ƙwalla, don shi ma Nazeer ɗin nasa ne. Wani direba ya karɓi memorinsa ya soka a rediyon adaidaitarsa, ya tayar, waƙar bikin ta bi shi tana ƙara har ya sha kwana ya shige hanyar Shahuci. Mikail ya bi shi da kallo. Wani abu ya ɗan sosa masa rai, bai tsaya bin ba'asinsa ba. Ya sa filashin a aljihun gaban rigarsa ya hau babur.

Kwafewar ba ta ɗauki lokaci ba. Ya zauna yana kallon ɗan koren layin yana cika, ya zare filashin ya mayar aljihu, ya je ya yi la'asar a masallacin da ya fi kusa. A sujada abin ya zamo ya taɓa masa ƙirji, ya kai hannu ya dafe shi kamar wani zai gani.

Ta zo ita kaɗai a adaidaita, Shehu ya taro ta daga bakin lungu. Ta cire takalmi a ƙofar sitidiyo, abin da ba wanda ya taɓa yi, ta shigo tana kallon kiret-kiret ɗin ƙwai da wayoyin da suka cika ƙasa. Ta kalli jitar da ke rataye a bango ta kau da kai. Sai idonta ya sauka kan wata kujera mai matashi a kusa da makirfo, da gorar ruwa a ƙarƙashinta, da rigar sanyi ruwan toka a rataye a bayanta.

"Ashe nan ya bar ta," ta ce. "Na birkice ɗakinsa ina nema." Ta ɗauki rigar ta ninke ta ɗora a cinya, ta zauna a kujerar. "Bismillah, ɗan nan."

Mikail ya buɗe jakar faifan. Ga waƙoƙin nan a jere, kowacce da ranar da ya san ta. Ya zaɓe su duka, ya danna. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce mata ya tabbata. Ya shiga inda take ɓoye abin da aka goge, ya share can ma. Shehu yana tsaye jikin bango, ya harɗe hannu, yana kallon rufi.

"Shi ke nan?" ta tambaya.

"Shi ke nan, Hajiya."

"Ikon Allah. Ko ƙara bai yi ba." Ta shafa rigar. "Babu wani a wani wuri?"

Kafin Mikail ya haɗa kalma ta ɗaga hannu.

"Bar shi, ba zan rantsar da kai ba. Ɗan Indo ba zai yi mini ƙarya ba. Allah ya yi maka albarka."

Da ta sa shi rantsuwa da ya fi masa sauƙi. Ya ce amin da muryar da shi kansa bai ji ba. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta nufi ƙofa, ta sa ƙafa ɗaya a takalmi. Sai ta tsaya, bayanta gare su.

"Duk abin da ya faɗa a ɗakin nan ihu ne?" ta ce. "Bai taɓa yin magana irin ta mutane ba?"

Mikail da Shehu suka kalli juna. Muryarta ce ta ba ta kunya, ta karye a tsakiya. Ta sa an goge muryar ɗanta da bakinta, kuma yanzu ne, a bakin ƙofa, ta ji nauyin abin da ta rasa. Tausayinta ya kama Mikail har ya manta da abin da ke aljihunsa.

"Akwai wasu guntaye, Hajiya," ya ce. "Ba waƙa ba ce. Wuraren da ladan ya katse mu ne, nakan yanke in zubar. Ban ma taɓa sauraronsu ba."

Ta cire ƙafar daga takalmin ta dawo ta zauna.

Ya buɗe Shara ya danna na farko da hannunsa ya faɗa kai. Lasifika ta yi gurnanin jita na ɗan lokaci, ya mutu. Sai numfashi, mai nauyi, na wanda ya gaji. Can nesa ladan ya ɗaga murya. Sai kusa, kusa sosai, kamar a kan kujerar da take zaune, wata murya mai sanyi ta amsa masa a hankali, kalma bayan kalma, har ƙarshe, ta yi salati, ta yi addu'ar bayan kiran salla. Kullum a lokacin nan Mikail yana duba waya ne ko yana gyara wata igiya. Bai san makirfo tana kama wannan ba.

Hajiya Turai ba ta motsa ba. "Ƙara," ta ce.

Ya danna wani. "Shehu, miƙo mini gorar nan, don Allah." Ƙarar haɗiyar ruwa. Wani kuma dariya ce, Nazeer yana tsokanar ladan na uku, wai Baba Mamman yau ma sai da kowa ya gama ya tuna. Shehu ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa suna rawa. A wani yana cewa yau miyar kuka aka yi a gida, shi fa ba zai kai isha a nan ba. Hajiya Turai ta yi wata 'yar dariya ta cikin hanci, hawaye yana bin kumatunta ba ta share ba.

Sai wani guntu mai ɗan tsawo. Ladan yana can yana yi, aka ji muryar Shehu yana haki: "Wallahi wannan ta ƙarshen in ta fita, sai Kano ta girgiza."

"Ta girgiza mana," in ji Nazeer. Ya yi tari, ya numfasa. "Amma Mikail, ka san yadda za ka yi kada Hajiya ta ji ta. Ta ji na gaske, ya ishe ta."

Sai wata murya ta uku, daga nesa da makirfo, muryar mutumin da hankalinsa yake wani wuri: "To, to. Ba za ta ji ba."

Mikail ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya gane muryarsa ce. Bai tuna ranar ba, bai tuna maganar ba, amma ga shi nan yana amsawa.

"Nazeer," Hajiya Turai ta ce, ƙasa-ƙasa, tana kallon lasifikar. Sau ɗaya ta faɗa. Sannan ta goge fuska da rigar sanyin. "Wannan ai ba kiɗa ba ne. Zuba mini shi a abin nan da rediyona take ci."

"Gobe da safe zan kawo miki sabon filashi daga kasuwa, Hajiya," Shehu ya yi sauri ya ce. "Mai kyau, mai girma."

"A'a, ɗan nan. Ba zan kwana babu shi ba."

Mikail ya duba tebur, ya duba aljihun tebur, duk da ya san abin da zai gani. Filashi ɗaya ne a ɗakin. Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya zaro shi, ya soka a kwamfuta. Waƙoƙin Ƙusa suka fito a jere a kan allo, cif, babu wadda ta ɓata. Hajiya Turai tana kallon allon kamar yadda take kallon bango, ba ta karanta boko. Rediyonta kuwa ba ta zaɓe, abin da ta samu a filashi shi take bi ɗaya bayan ɗaya, don haka ba zai miƙa mata shi da su a ciki ba.

Shehu ya matso ya sunkuya kamar mai gyara waya, bakinsa a kunnen Mikail. "Mayar da su cikin kwamfuta tukuna," ya raɗa. "Ja ɗaya ne kawai. Don Allah, Mikail."

Ja ɗaya ne, gaskiya ne. Mikail ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar. Ya ga hannun Nazeer riƙe da rigarsa a asibiti, ku ƙure masa murya. Ya kuma ga adaidaitar nan ta ɗazu tana shan kwana zuwa Shahuci da waƙa a bayanta, ya ga tsohuwar nan zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi, ihun ƙirji yana shigo mata ta kan katanga da safe, da rana, da yamma, daga motar mutanen da ba su san ko na waye ba. Alkawari biyu ya yi wa mutum ɗaya, kuma a garin nan ba yadda za a yi ya cika su duka.

Ya zaɓe waƙoƙin. Kwamfuta ta sake tambayarsa ko ya tabbata.

Shehu ya miƙe tsaye a hankali, ya koma bayan gangunansa ya zauna. Mikail ya jawo Shara gaba ɗaya ya zuba a filashin da babu komai a cikinsa yanzu, ya zare, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ƙulle shi a gefen mayafinta, ƙulli biyu, ta rungume rigar sanyin. Ya raka ta bakin lungu ya tsayar mata da adaidaita, ya roƙi direban ya kashe rediyo.

Da ya dawo rana ta yi ja a saman katangar maƙwabta. Shehu yana inda ya bar shi, sandunan ganga a cinyarsa. Mikail ya zauna ya buɗe rubutun mutanen Legas, ya je inda sunan yake jiransa. Ya rubuta: "Ƙusa: mutum biyu ne, Nazeer da Shehu. Sun yi faifai ɗaya." Ya tsaya. Ya ga ya kamata ya sa ko baiti ɗaya ne daga waƙar ƙarshen, don a san abin da yaron ya ce.

Ya rufe ido ya nemi muryar nan da ta hana shi sakat tun arba'in. Ya samu farkon baitin, ya bi shi, ya kai inda take hawa ta tsage. Daga nan sai ya rasa hanya. Ya koma farko ya sake biyowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Tsoro ya kama shi.

"Shehu. Bayan ya ce 'ƙashina ba nawa ba ne', me yake cewa?"

"Ni ganga nake bugawa," in ji Shehu. "Ban taɓa jin abin da yake faɗa ba. Kai ne mai hedifon."

Ladan na farko ya ɗaga murya, magariba ta yi. Hannun Mikail ya sauka daga kan madannai, Shehu ya dafe fatar ganga da tafinsa, kamar yadda suka saba. Ladan ya kai ƙarshen kabbara ya tsaya shan numfashi. Su biyun suka juya suka kalli kujerar mai matashi, suna jira.